Yakuwar Saman Bene

Dogara ya ɗaga ganyen yakuwar, ya hango sararin sama ta cikinsa. Wannan ma an cinye.

Yakuwar nan ba ta marmari ba ce. Tun da cikin matarsa Lami ya fara girma, duk abin da ta ci sai ya dawo, in ban da tuwo da miya mai tsami. Ga shi shekarar wasannin Olamfik ce, an tsaurara biza, 'yan kasuwar Kano da kan shigo birnin Guangzhou na ƙasar Sin da ƙullin busasshen ganye a jaka sun yi ɗif. Ya zaga kasuwannin unguwar Dengfeng har ƙafarsa ta gaji. Duk wanda ya kwatanta wa ganyen sai ya kaɗa hannu ya ce "mei yo", wato babu.

Shi ya sa da Lami ta tsinci ɗan irin yakuwa a gindin jakarta, ya roƙi tsohuwa mai gidan, wadda kowa ke kira Apo, ta ba shi lungu a saman bene kusa da tukwanen shukarta. Ganyayenta sumul suke, ko huda ɗaya babu. Dogara kuwa ba ya aiki rabi. Ranar farko ya hau da shebur, ya share, ya kwashe tarin kwanson dodon koɗi da ba komai a cikinsu, ya yi wa wurin gyaran da ba wanda ya sa shi.

Yakuwa na tsirowa, dodon koɗi ya sauka mata. Ya tsince su, washegari wasu suka zo. Ya barbaɗa gishiri, ruwan sama ya wanke. Ya roƙo toka wurin mai gasa nama, ita ma ta bi ruwa. Lami kuwa sai ramewa take, har zoben hannunta ya fara zamewa.

"Maigida, ka bar shi haka," ta ce. "Shayi ma ya ishe ni."

Wannan magana ta fi komai ƙona masa rai.

Sai ya fara lura da Apo. Kullum da safe tana tsugune tsakanin tukwane, tana ɗaga ganye tana leƙawa, har a lungunsa. In ta gan shi sai ta tare shi da surutu tana nuni da hannu. Dogara bai tsaya wata-wata ba ya yanke hukunci: dodon koɗin shukarta take tsincewa tana zubawa a tasa. Fushi bai bar shi ya ga cewa nata ganyen ma sun fara hujewa ba.

Ranar Juma'a, ana fitowa daga Masallacin Huaisheng, ya jawo Imoro, mutumin Gana mai harkar tura kaya da ke jin yaren gari, har saman bene.

"Tambaye ta me matata ta yi mata!"

Imoro ya tambaya. Tsohuwa ta yi magana mai tsawo. Ta ware hannu kamar mai auna yadi, ta nuna ɗan yatsanta, sannan ta share ido da bakin riga.

"Malam Dogara, ka ɗauki alhakin tsohuwa," in ji Imoro. "Macijinta take nema. Wani ɗan siriri ne mai manyan idanu, ba shi da dafi, ba ya cin komai sai dodon koɗi. Zaro shi yake daga kwanso ya haɗiye. Marigayi mijinta ne ya kawo shi daga ƙauyensu, shi ke tsare shukar nan. Ta ce in an same shi, yakuwarka za ta tashi. Kai, mu taya ta dubawa mana."

Imoro ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Apo ta matsa gefe ta yi wa Dogara wuri, har da murmushi.

Dogara bai tsuguna ba. Tun ranar farko da ya hau share lungun ya fasa kan macijin da shebur, ya ƙulle shi a leda ya jefa a shara, bai faɗa wa kowa ba don kada tsohuwa ta tsorata.