Shaidar Yatsa a Kan Kek

Tunda ka ce abin da kake da shi bai ishe ka ba, zauna ka ji. An yi wata mata da ta gaji tukunya a wurin uwarta, tsohuwar tukunyar ƙarfe mai yashi a ciki. A nan uwar take gasa kek irin na marasa hali, ba ƙwai, ba madara, ba bota. Fulawa ce da sukari da garin cakulan, sai man gyaɗa, ruwan lemun tsami da 'yar jiƙaƙƙiyar kanwa. A zuba a gwangwani, a ɗora kan yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Uwar ba ta soka tsinke don ta ga ko ya gasu, babban yatsanta take dannawa a tsakiya. Bayan sadakar arba'in kewa ta ishi matar, ta haɗa kek ɗin da la'asar. Ƙamshi na tashi kajin gidan suka yi tsit. Kujerar tsugunon da ke bayanta ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna da nauyin tsufa. Ta kasa waiwaye. Da ta kwashe garwashi ta ɗaga murfi, ga shaidar yatsa a tsakiyar kek, har da tsagar nan da wuƙa ta taɓa yi wa uwar. Allah ne masani, ni dai haka na ji. Tun tana tsoro har ta saba, duk Juma'a sai ta gasa, ta zauna ta ba kujerar baya, ta faɗi damuwarta, ta tashi zuciyarta wasai.

Sai Allah ya buɗa mata. Ka san ɗan Adam da buɗi. Kunya ta kama ta, wai ita ce har yau take tarbar uwarta da abincin talauci. Ta sayo injin gasa kek na lantarki, ta zubar da yashin a kwata, ta ba masu sayen tsofaffin ƙarafa tukunyar. Ta fasa ƙwai shida, ta zuba madara da bota, kek ya tashi ƙato yana sheƙi. Ta zauna ta ba kujerar baya har rana ta yi ja. Kaji suna ta tononsu. Da ta duba saman kek, sumul yake. Ta bi masu ƙarafa, aka ce an narkar da tukunyar tun shekaranjiya. Ta samo wata, ta ɗebo yashi a rafi, ta koma tsohon haɗin, Juma'a bayan Juma'a, tana cewa, "Inna, irin naki ne." Kujerar ba ta sake motsi ba, kuma a lokacin ne ta san ta zama marainiya. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.