Mai Kushen Kaya a Manassas

Tun kafin Chundung ta kashe mota a ƙofar gidan da ke garin Manassas ta gane an riga ta zuwa. Wani dattijo mai furfura a gemu yana tsugune a gindin kamfar, yana ƙwanƙwasa taya da ɗan yatsa, fuskar nan a murtuke.

Kamfa ɗaki ce mai tayoyi da ake ja da mota, da gado da kicin da banɗaki a ciki, kuma wannan kaɗai ta samu daidai ƙarfinta bayan ta karaɗe jihohin Virginia da Maryland. Chundung nas ce. Litinin ta sama za ta kama aiki a wani asibitin ƙauye can cikin duwatsu, inda babu gidan haya ko na magani, ga shi ta riga ta saki ɗakinta na Gaithersburg. In kamfar nan ta kuɓuce mata, sai kwanan kujerar mota, sanyi kuwa ya kunno kai.

Mai sayarwar, Madam Constance, 'yar Jos ce kamar ita, a zauren wasaf na 'yan Filato ta sa tallar. Ta fito daga gida da fara'a, ta rungume Chundung, ta tambayi mutanen gida. Dattijon kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Chundung ta ce a ranta, lallai wannan ya yi tayin wulaƙanci.

"Ƙanwata," in ji dattijon, "kin san kamfanin da ya ƙera wannan ya rufe tuntuni?"

Ta sani. Ta karanta har idonta ya yi ja. Masu cewa a saya sun ce firji da murhu da birki duk iri ɗaya ne da na sauran kamfanoni, ko'ina ana samu. Masu cewa a gudu sun ce taga da ƙofa da rufi nasu ne su kaɗai, in abu ya fashe sai dai a bi 'yan gwangwan ana roƙo. Duka ɓangarorin biyu da gaskiyarsu, abin da ya hana ta barci ke nan.

Ta murɗa ƙofar, ta ƙi buɗuwa. Dattijon ya matso, ya ɗan ɗaga ta da gwiwa, sai ga ta a buɗe.

"Kin gani? Wannan somin taɓi ne."

Ciki da ɗumi, tsaf-tsaf, har da ɗan ƙamshin citta. Chundung ta yaba wa Madam Constance, mai talla ce da ta san aikinta. Amma dattijon bai bar ta ta ji daɗin ba. Ya yaye labulen da ke saman gado ya nuna mata tabon yoyo. Ya taka wani wuri kusa da banɗaki, daɓen ya lotsa. Ya ce famfon sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa, ya buɗe, famfon kuwa ya yi tari. Ya ce in iskar asuba ta bugo ta gefen ƙofa, bargo biyu ba sa yi wa mutum komai.

Kowane aibi ya faɗa, gaskiya ne. Tsoro ya kama ta sosai. Duk abin da ta tara tun zuwanta ƙasar nan za ta zuba a kan kayan da ba shi da uwa ba shi da uba.

Sai dai Chundung a rumfar dankalin mahaifiyarta ta tashi, a kasuwar Farin Gada, kuma tun tana goye ta san wanda ya fi kushe kaya shi ya fi son su. Ta saci kallonsa. Baki yana zagin kamfar, hannu yana shafa teburinta. Wa zai yi wa wayo?

Ta cire takalmi, ta hau tsani, ta bi rufin tana dannawa kamar yadda take duba cikin majinyaci. An liƙe wurin yoyon, liƙi mai kyau, kuma sabo. Ta leƙa ƙarƙashi, ƙarfen garau. Tsohuwa ce dai, amma da sauran kwananta a gaba.

Tana saukowa ya tare ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki je ki yi shawara. Ko mako biyu ne. Gaggawa ba ta da amfani."

Mako biyu! Wato har ya haɗa kuɗinsa ya zo ya yi awon gaba da ita. Ranta ya ɓaci.

"Baba, in kana so ka taya, in ba ka so ka ba ni hanya. Ni ba ni da wurin kwana."

Dattijon ya ja gefe. Sa'an mahaifinta ne, ta ji kunya, amma ba ta janye ba. Ta juya ga Madam Constance ta ce ta saya yadda aka sa, ko sisi ba ta nemi ragi ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta tura kuɗin ta waya. Suka sa hannu a kan bonet ɗin mota, aka danƙa mata makulli, suka yi da ita ranar Asabar za ta zo da mai motar da zai ja kamfar.

Sai a lokacin ta yi ajiyar zuciya. Ta waiwaya don ta ba dattijon haƙuri, ta gan shi zaune a kan matakalar kamfar, ya zuba wa ƙasa ido. Madam Constance ma ta dube shi, karon farko tun safe.

"To, Baban Nanret, ka ji da kunnenka. Shekara guda na bar ka kana kwana a ciki saboda 'ya'yanmu. Ka nemi wani wurin kafin Asabar."