Wane Tudun Wada?

Ga ta nan, ga ta nanka, Haladu.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, kife wayar nan tukuna ka ba ni kunnenka. An yi wani tela da ya koyi ɗinki a hannun wani dattijo a Kano, tun zamanin da ake taka keken ɗinki da ƙafa, ana zana wuyan riga da guntun sabulu. Da hannunsa ya faɗa sai ya tafi Ikko, wato Legas, Allah kuwa ya buɗa masa. Shekarun farko duk sallah yana zuwa gaida maigidansa. A wancan lokacin da baki ake tafiya. Kana shiga tasha ɗan kamasho zai tare ka: ina za ka, wace unguwa, wurin wa? Mai shayi ya sa baki, tsohuwa mai ƙullin daddawa ta ce ai ta san gidan, akwai dalbejiya a ƙofa. Kafin mota ta cika rabin fasinja sun san inda ka dosa, wani ma ya ɗora maka saƙo zuwa ga ƙanwarsa. Amma sannu a hankali zuwan tela ya koma aike, aike ya koma gaisuwar waya, ita ma ta ɗauke. Shekara goma sha tara ba su ga juna ba.

Ran nan sai ga saƙon murya daga 'yar dattijon. Ta ce Baba na kwance a wurinta a Tudun Wada, jiki ya yi nauyi, kullum sai ya ambace shi, in da hali ya zo su gana. Tela ya kai yatsa zai kira ta ya ji wane Tudun Wada, sai kunya ta riƙe masa hannu. Yarinyar da ya sha ɗauka a kafaɗa zuwa sayen alewa, an yi mata aure bai je ba, har bai san garin da aka kai ta ba. Tambayar nan kaɗai ta isa ta tona shi. Sai ya amsa da cewa yana nan tafe gobe in Allah ya yarda, ya buɗe ɗaya daga shafukan nan na intanet da ake shirya tafiya. Kuma gaskiya abin akwai daɗi. Yana zaune kan kujerar ɗinkinsa ya ga jiragen da za su tashi da lokacin kowanne, ya zaɓi kujerar gefen taga, ya kama mota da za ta jira shi a filin jirgi. Da ya rubuta Tudun Wada sai sunaye suka jero masa, ya danna na jihar Kano, don a ransa maigida ba zai yi nisa da Kano ba. Shafin bai ce masa wurin wa za ka ba. Abin da aka rubuta masa shi ya bayar.

Komai ya tafi daidai. Jirgi ya tashi a kan lokaci, direba ya duba wayarsa ya ja mota, ba wanda ya ce da wani uffan sai gaisuwa. Bayan azahar suka isa. Tela ya bi masallaci, ya bi rumfar teloli, ya je ƙofar mai unguwa, ba wanda ya san wani dattijon tela da aka kawo jinya. Liman ya tambaye shi sunan mijin yarinyar da sana'arsa, ya sunkuyar da kai. Sai da rana ta yi sanyi sannan ya yi abin da ya kamata ya yi tun jiya, ya kira ta.

"Na Gusau fa, Yaya," in ji ta. "Au, ashe ba ka sani ba?"

Hanyar ba ta biyuwa da yamma, dole ya kwana. Da asuba ya shiga tasha kamar dā, ya faɗa wa kowa inda za shi, har wani mai sayar da fata ya ce unguwarsu ce, shi zai raka shi. Suna karya kwanar layin ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune jigum, ga butoci a jere. Ashe tun da hantsi aka kai dattijon makwancinsa. Da aka shigar da tela soro, 'yar ta fito lulluɓe, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta yi masa gori ba.

"Jiya duk wanda ya yi sallama sai Baba ya ɗaga kai ya ce, shi ne? Yaya, ai da ka tambaye ni."

Ka ji, Haladu. Shi ya sa mutanen dā suka ce matambayi ba ya ɓata.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.