Layin Yaya Dela

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo, mun kasa kunne.

A zamanin da tukwane suka iya karatu, wani kamfanin daddawa yana da Kundin Kowa. Kowane ma'aikaci yana iya ƙari ko gyara a cikin umarnin aikin da ke ciki, tukwane kuma abin da aka rubuta kaɗai suke bi.

Ran nan Inna Tabawa, tsohuwar ma'aikaciya, ta iske kalwa ta lalace tukunya goma. Da ta duba kundi, ashe an goge layin da marigayiya yayarta Dela ta rubuta: "A buɗe kalwa da safe a gaishe ta."

Ta nufi sabon manaja, Lawwali.

"Ɗan nan, kai ka share mini yaya?"

"Inna, camfi ne. Wa ke gaida kalwa?"

"Ja'iri! In ba a buɗe ta ba, ta ina za ta sha iska?"

Ya sosa ƙeya, ya mayar da layin.

Washegari murfi ya ɗaga da kansa, tukunya ta ce, "An tashi lafiya?" da muryar Dela sak. Tabawa ta amsa kafin ta ankara.

Daddawa ta gyaru, Lawwali ya daina goge-goge, Tabawa kuwa har ta bar duniya ba ta sake makara wurin aiki ba.