Kwamfutar Marigayi Kanemori

Ranar Talata, ƙarfe biyu da rabi na rana, Malam Tsuruta ya soka filas a jikin kwamfutar marigayi Kanemori, a ɗakin taron unguwa inda yake koya wa tsofaffi irinsa aiki da Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta.

Kwamfutar ta tsufa, kafin ta farka sai mutum ya gama shan shayi. Matar marigayin, Fusae, ita ta kawo ta a naɗe cikin ƙyalle don a sa mata Linux, idanunta a kumbure kamar kullum. A ciki akwai hotunan mijinta, da muryarsa yana waƙa a bikin 'yarsu. Kowa a unguwar ya san tun da ya rasu, kowace safiya sai ta kunna masa turare, ta buɗe kwamfutar, ta zauna a gabanta har rana ta take.

"Bari mu fara kwafe hotunan mu ajiye gefe," in ji Malam Tsuruta. Ƙa'idarsa ce, bai taɓa karya ta ba.

"Haba Malam, kai da kake nan? Kada ka wahalar da kanka," in ji Fusae.

Yabon ya yi masa daɗi, sai ya ƙyale.

Allon ya kawo zaɓi biyu. Malam Tsuruta ya sa ɗigon zaɓi a na ƙasa, ya bayyana cewa wannan zai zaunar da sabon tsarin kusa da tsohon, ba zai taɓa komai ba.

"Na saman fa?" in ji Odagiri, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ba ya zuwa aji sai don ya tsokane shi.

"Na saman share komai yake yi, ko ƙura ba ya bari."

"To wannan za a danna wa kanka, ko ka manta da yawan surutu."

A nan butar shayi ta yi kuka a kicin. Malam Tsuruta ya tafi sauke ta, Odagiri ya fita shan taba. Da Malam ya dawo da kofuna, ya danna ci gaba, ya sake dannawa a kan gargaɗin da ya fito, bai karanta ba, don ya gan shi sau ba adadi.

Kwamfutar ta tashi fes, da sauri kamar sabuwa. Babu hoto ko ɗaya a cikinta.

Malam Tsuruta ya durƙusa, ya kai goshinsa kan tabarma. Fusae ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyo gare shi.

"Tashi, Malam, don girmanka. Tashi."

Ya tafi da kwamfutar gida, ya gwada duk dabarar da ya sani. Abin da ya iya tonowa bai wuce rabin hoto ba, kafaɗar mutum da ɗan teku a bayanta. Da ya kai mata, ta kawar da kai ta ce ya bari haka nan.

Hotunan sun dame shi, amma akwai abin da ya fi su. Ya tuna sarai cewa na ƙasa ya zaɓa. Yana iya ganin ɗigon a idonsa. Idan abin da yake tunawa sarai ƙarya ne, to me ya rage masa? Ya fara komawa gida daga bakin hanya don ya duba ko ya kashe gas. Ya fara tsayawa a tsakiyar darasi yana kallon hannunsa a kan linzamin kwamfuta. Likita ya auna shi ya ce lafiyarsa ƙalau, bai yarda ba. A ƙarshen kaka ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya je ofishin 'yan sanda ya miƙa lasisin tuƙinsa, kamar yadda tsofaffi masu mutunci suke yi kafin su buge ɗan wani. Da ƙafa ya dawo.

Fusae kuwa ba ta taɓa fashin aji ba. Ta koyi aika wa 'yarta saƙo, ta koyi duba yanayin gari. Kumburin idonta ya saɓe, har kitso ta canja. Kullum tana kawo masa dunƙulen shinkafa da lemo. Sau da yawa takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam," ya juyo, sai ta ce, "A sauka lafiya." Wannan kirki nata ya fi zagi yi masa ciwo.

Talatar farko ta hunturu ya gaya wa ajin cewa ya daina koyarwa.

"Kai dai ka cika rigima," in ji Odagiri. "Kuskure ɗaya? Ni wasiƙu nawa na kai gidan da ba nasu ba?"

"Wasiƙa ana mayar da ita," in ji Malam Tsuruta. Ya ajiye makullin ɗakin a kan tebur, ya jera filas ɗinsa kusa da shi.

Ɗaliban suka rusuna masa ɗaya bayan ɗaya, suka sa takalmansu suka fita.

Waɗanda suka rage a ɗakin ba su da yawa. Akwai Malam Tsuruta, yana naɗe wayoyi a hankali. Akwai Odagiri, yana laluben tabarsa a aljihu. Sai Fusae a bakin ƙofa, da ƙunshin shinkafa a hannu, tana ƙoƙarin buɗe baki karo na ƙarshe, matar da ta gaji da kukan kowace safiya amma ta kasa raba kanta da shi, wadda a ranar nan, da ta ji butar shayi ta yi kuka, ta miƙa hannu ta mayar da ɗigon sama.