Sabon Irin Alkama a Tafin Hansai

A shekarar da soja suka sauka daga mulki, wata safiya Hansai tana toya waina a ƙofar gidansu a Agege, sai ga saurayinta Sadisu a kan okada. Ko kashe ta bai yi ba, ya zuba mata ƙwayoyi a tafin hannu.

"Alkama ce, sabon iri!" ya ce yana haki. "Yayana ya kawo daga garinmu, Kadawa. A da Baba ya ƙi shi, wai irin masu hali ne. Bana ya gwada, ta ninka tamu ta gado. Ya ce in koma ya ba ni gona."

Hansai haifaffiyar Legas ce, a fulawa kawai ta san alkama.

"Wato tafiya za ka yi."

"Za mu yi, in kin yarda. Gobe kawuna zai zo wajen Alhajinku neman aurenki."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ban iya riƙe lauje ba fa, Sadisu."

"Ni na iya."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. "To, ya zo da wuri, kafin Baba ya fita kasuwa."