Na Ƙarshe a Bayan Labule

Yarinyar ba ta kai tsakiyar kiɗan ba Farfesa Wiebe Terpstra ya buga cokali a jikin kofinsa. Haka yake tsayar da yara. Gogen ya yi shiru a bayan baƙin labulen, aka ji takun ƙananan takalma, aka ji ƙofa ta rufe.

Labulen sabon abu ne. Iyaye sun daɗe suna ƙorafin cewa sashen yara na makarantar koyon kiɗa ba ya ɗaukar kowa sai ɗan wane da jikan wane, shi ya sa bana aka rataya shi tsakanin alƙalai da masu neman gurbi. Terpstra ko a jikinsa. Ya ce shi kunne gare shi, ko ta bayan bango ya ji yaro zai faɗi yadda ya riƙe goge da kuma malamin da ya lalata masa hannu.

Su uku ne a teburin. Ban da shi akwai Fenna Oosterhuis, shugabar sashen, wadda shi ya koyar da ita tun tana ƙarama, sai Joost Hylkema, sabon malamin da bai cika magana ba. Gurbi ɗaya ya rage, yinin kuma shi ne na ƙarshe da Terpstra zai zauna a kujerar alƙalanci kafin ya yi ritaya.

Fenna ta nemi a ba yarinyar gurbin. Ta ce tsoro ne ya sa ta sauri, amma akwai rai a hannunta, shekara guda a wurin malamin kirki za ta gyara sauran. Terpstra ya tsoma biskit a kofi. Ya ce makaranta ba asibiti ba ce, gara kujerar ta zauna babu kowa. Daga nan ya shiga zancen zamaninsu, lokacin da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai tuƙo keke cikin ruwan sama da goge a baya, ya yi kiɗan da zai sa alƙalai su manta kofinsu har ya huce. Duk makarantar ta san wane yaro yake nufi: shi kansa.

Fenna ta dubi agogo, ta dubi Joost. Ta ce saura mutum ɗaya, an ƙaro shi daga baya. Joost ya fita ya shigo da shi, ya dawo ya zauna yana cizon leɓe.

Wannan ko tsirkiya bai tsaya gyarawa ba. Ba gaisuwa, ba gyaran murya, kiɗa kawai ya tashi. Bututun ɗumama ɗaki ma ya zaɓi lokacin ya fara huci ƙasa-ƙasa, piyanon rakiya kuma kamar ya kwana a waje. Kiɗan wani tsohon yayi ne da malamai suka daina bai wa yara tuntuni.

Terpstra ya runtse ido. Yaron yana danna tsirkiya kamar mai yankan burodin jiya. Inda ya kamata ya sassauta sai ya ruga, inda ya kamata ya hau sama sai ya tsaya ƙasa kaɗan, ya daɗe a wurin cike da jin kai. Jin kan ne ya fi ƙona masa rai. Yarinyar ɗazu aƙalla ta san tana kuskure.

Ya buga cokali. Kiɗa bai tsaya ba. Ya sake bugawa har kofi ya fantsalo a tebur, yaron ya ci gaba abinsa kamar babu kowa a ɗakin. Terpstra ya juya wajen abokan aikinsa, ya tarar dukansu sun ajiye alƙalami suna kallonsa da murmushi, kamar masu jiran ya yi atishawa.

Sai da yaron ya kai ƙarshe don kansa. Terpstra ya miƙe, ya ɗaga murya yadda na bayan labule zai ji. Ya ce tun da ya fara wannan aiki bai taɓa jin hannu mai nauyi da kunne mai toshiya sun haɗu a jikin yaro ɗaya ba. Ya ce iyayen su sayar da gogen su saya masa ƙwallo.

"Farfesa," in ji Fenna, murmushinta ya ɓace, "ka ɗan sake tunani. Ba ka ji wani abu da ka sani ba?"

"Na ji, 'yar nan. Na ji wanda ba zai taɓa zama makaɗi ba ko zai shekara ɗari. A kan wannan, ku kira yarinyar ɗazu ku ba ta gurbin. In aka gwada ta da shi, ita gwana ce."

Fenna ta ce ta ji, ta kuma karɓa, Joost shaida ne. Sannan ta yi masa alama da ka. Joost ya tashi ya ja labulen.

Malaman makarantar ne cike da dandamalin, sun shigo da safa kawai a ƙafa don kada a ji takunsu. Ga kek a kan tebur, ga kwalabe ba a buɗe ba, ga na'urar sauti a inda ya kamata yaro ya tsaya. Babu wanda ya tafa. Matarsa Tjitske tana tsakiya rungume da furanni, ita ce ta yi ƙarfin halin magana.

"A ɗakin ajiya suka tono faifan kiɗan nan, Wiebe. Kai ne, ranar da ka zo neman shiga."